Yarjejeniyar Mayflower Ba Kundin Tsarin Mulki Ba Ce

An daɗe ana yayata cewa yarjejeniyar da baƙi daga Ingila suka rattaba wa hannu a cikin jirgin ruwan Mayflower a watan Nuwamban 1620 ita ce kundin tsarin mulki na farko a Amurka, kuma wai da ita suka yi wa sarauta bore. Takardar kanta ta ƙaryata wannan, domin tun a farkonta masu sa hannun sun kira kansu talakawan Sarki James masu biyayya.

Tsoron rarrabuwar kai ne ya haifar da ita. Izinin da ke hannunsu na zama a yankin Virginia ne, amma jirgin ya tsaya a Cape Cod, can arewa, sai wasu fasinjojin da ba 'yan ɗarikar Kiristan da ta shirya tafiyar ba suka ce babu mai iko da su a wurin. Maza 41 cikin fasinjoji 102 ne suka sa hannu, babu mace ko ɗaya, kuma gajeriyar takardar ba ta fayyace muƙamai ko haƙƙoƙin jama'a ba. Hasali ma, majalisar wakilan Virginia ta riga ta zauna a Jamestown tun 1619.