Waiwaye: Me ya haɗa binciken lafiya da ƙirga awaki?

Duk lokacin da masu binciken lafiya suka shiga ƙauye da 'yar kwamfutarsu ta hannu, sai surutu ya tashi a majalisa. An ce zazzaɓi da haihuwa aka zo tambaya, to me ya kawo zancen masai, daɓen ɗaki da yawan awaki? Wasu su ce sunayen tallafi ake ɗauka, wasu su ce haraji ke tafe. Su kansu masanan har yau suna ja-in-ja kan abin da ya kamata a tambaya da yadda za a fito da shi a rahoto. Maganar tana da tarihi.

Tun taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 aka amince cewa lafiya tana farawa daga ruwan sha, abinci da ilimi kafin a kai ga asibiti. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, lokacin yana ministan lafiya, ya ɗora tsarin lafiya matakin farko na Najeriya a kan wannan tunani, aka yi babban binciken lafiyar iyali na ƙasa karo na farko a 1990. A 2008 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙarƙashin Michael Marmot ya ce a riƙa auna giɓin da ke tsakanin mai shi da mara shi. Wannan duk an sani.

Abin da ba a cika faɗa ba ya faru ne a 2001. Kafin nan, tambayar kuɗin shiga ta gagari masu bincike, don manomi ba shi da albashi. Sai wasu masana tattalin arziki biyu suka nuna, da alƙaluman Indiya, cewa ana iya gane ƙarfin gida daga kayan da ke cikinsa: rediyo, keke, irin rufi, inda ake ɗebo ruwa. A ba kowane gida maki, a jera, a raba kashi biyar. Dabarar ta yi rana ƙwarai, domin da ita aka ga ƙarara yadda ɗan talaka ke rasa rigakafi.

Amma mudun birni ne. Lantarki, firji, famfo da daɓen siminti su suka fi ɗaga maki. Ɗauki gida biyu a fadamar Haɗejiya: ɗaya rumbunsa cike da gero, ga shanun huɗa a turke, ɗayan tun kafin marka ya koma awo a kasuwa. Dukansu ɗakin ƙasa, ruwan rijiya. A takarda kusan tsara ne, alhali idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ɗaya ne kawai zai iya ɗauko mota.

Daga baya an gyara, aka sa gona da dabbobi cikin lissafi, aka ware makin karkara da na birni. Sai dai takarda da awon fili take tambaya, shi kuwa manomi da dami ya san gonarsa. Batun shanu kuma, tun 1979 aka soke jangali a tsohuwar Jihar Kano, amma har gobe dattijo ba ya ƙirga garkensa a gaban baƙo. Ka matsa masa, ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, 'yan ƙalilan ne, alhamdulillahi.” Haka za a rubuta.

Ko an samu amsar ma, rahoton ƙasa a matakin jiha yake tsayawa. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, Kano 44. Matar da ke wani ƙauyen Auyo, wadda ambaliya kan yanke mata hanyar asibiti a watan Agusta, layi ɗaya take shiga da matar ma'aikaci a Dutse.