Tsarin Jijiyoyin Saƙo a Jikin Ɗan Adam

Tsarin jijiyoyin saƙo shi ne sashen jiki da ke karɓar labarin abin da ke faruwa a ciki da wajen mutum, ya tantance shi, sannan ya ba gaɓoɓi umarni. Ya ƙunshi ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da suka fito daga cikinsu suka bazu har kan yatsu. Gani da ji da motsi da magana da tunani da barci duk aikinsa ne.

Suna

A Hausa kalmar jijiya na ɗauke da abu uku: wadda jini ke bi, da mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi irin agara, da kuma wadda ke kai saƙo. Shi ya sa ake cewa jijiyoyin laka ko jijiyoyin saƙo don a bambanta ta ukun. Girkawan da ma da kalma ɗaya suke kiran jijiyar tsoka da ta saƙo, sai da likita Herophilus ya yi fiɗar gawarwaki a Iskandariya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna ba abu ɗaya ba ne. Kafin shi Aristotle ya ɗauka a zuciya tunani yake, kamar dai yadda har yau Bahaushe ke cewa abu ya faɗo masa a zuciya.

Ƙwayar jijiya da tafiyar saƙo

Tubalin ginin tsarin shi ne ƙwayar jijiya, wato niyuron. Tana da gangar jiki, da ƙananan rassa masu karɓar saƙo, da dogon zare guda mai fitar da shi. Wani zaren bai kai milimita ɗaya ba, wani kuwa, kamar wanda ke tashi daga ƙugu zuwa babban ɗan yatsan ƙafa, yakan kai mita guda. Abin da ido ke gani a matsayin farar jijiya dami ne na dubban irin waɗannan zarurruka.

Saƙon na lantarki ne. Sinadaran sodiyam da fotasiyam ne ke shiga da fita ta fatar ƙwayar, canjin ya bi zaren daga farko zuwa ƙarshe. Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila ne suka bayyana hakan a 1952. Yawancin manyan zarurruka suna naɗe da wani kitse mai suna mayelin, kamar robar da ke jikin wayar wuta, kuma a cikinsu saƙo kan yi gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa. Marasa wannan rufi ba sa wuce kimanin mita 2. Wanda ya taɓa yin tuntuɓe ya san bambancin: zafi mai kaifi ya fara isowa, raɗaɗin ya biyo baya. Idan kuma mutum ya daɗe zaune a kan ƙafarsa har minjirya ta kama shi, jijiyar ce aka danne, saƙonta ya rikice.

Ƙwayoyin ba manne suke da juna ba. Akwai ɗan gibi tsakaninsu, kuma a mafi yawan mahaɗa sinadari ne ke tsallakar da saƙon, irin su asetilkolin da dofamin da serotonin. Santiago Ramón y Cajal ɗan Sifaniya ne ya kafe a kan cewa kowace ƙwaya gashin kanta take ci, alhali Camillo Golgi ɗan Italiya, wanda da rinin da ya ƙirƙiro don a ga ƙwayoyin jijiya a madubin likita Cajal ya yi aikin, yana ganin duk raga ɗaya ce. An ba su kyautar Nobel tare a 1906 ba tare da sun daidaita ba, daga baya bincike ya gaskata Cajal. A wannan mahaɗa ne magunguna da dama, da ƙwayoyin maye irin taramol, da dafin wasu macizai ke yin tasirinsu.

Ƙwaƙwalwa da laka

Ƙwaƙwalwar baligi tana da nauyin kimanin kilo 1.4 da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Ba ta fi kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma 'yan mintuna kaɗan ba jini sun isa su fara kashe ƙwayoyinta. Babban ɓangarenta ya rabu dama da hagu. Sashenta na wajen goshi ke kula da tsara al'amura da motsin ganganci, na gefen kunne ke kula da ji da riƙe abu a ka, gani kuwa can ƙeya ake sarrafa shi. A ƙarƙashin ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai daidaita tafiya da tsayuwa. Sai gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya.

A wannan gindi ne yawancin zarurrukan motsi ke tsallakawa ɗaya ɓarin. Don haka idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a hagun ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ne ke shanyewa, sau da yawa har magana ta ɗauke, domin cibiyar magana a hagu take ga mafi yawan mutane. Likitan Faransa Paul Broca ne ya fara nuna wannan cibiya a 1861.

Laka ta sauko ne daga gindin ƙwaƙwalwa ta cikin ramin ƙashin baya. Tsawonta kimanin santimita 45 ne, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, kuma tana ƙarewa a saman ƙugu. Hanya ce ta saƙo, amma takan yanke wasu hukunce-hukunce da kanta: wanda ya taɓa tukunya mai zafi yakan janye hannu kafin ya san ya ƙone. Duk inda laka ta yanke, abin da ke ƙasa da wurin ya rasa ji da motsi, kuma da wuya ta sake haɗewa. Wannan ya sa ciccibar wanda ya yi hatsarin mota ko babur ba tare da an tallafe wuyansa da bayansa ba babban kuskure ne, ko da niyyar taimako aka yi.

Jijiyoyin da suka bazu a jiki

Jijiyoyi 12 bibbiyu ne ke fita daga ƙwaƙwalwa, 31 bibbiyu kuma daga laka. Wasu na kawo saƙo, wasu na kai umarni, yawancinsu na yin duka biyun. Mafi girma ita ce wadda ta ratsa ɗuwawu ta gangara bayan cinya, kuma allurar da aka soka ba a gurbinta ba na iya raunata ta har ƙafar yaro ta saki. Ba kamar laka ba, waɗannan jijiyoyi suna iya sake tofowa, kimanin milimita ɗaya a rana.

Akwai kuma reshen da ke aiki ba da sanin mutum ba. Ɓangare ɗaya nasa ke tayar da jiki lokacin firgita: gaba ya faɗi, zufa ta karyo, baki ya bushe. Ɗayan ke kwantar da shi, ya kuma tafiyar da narkewar abinci.

Cututtuka

Cututtukan da aka fi sani a ƙasar Hausa kowace da inda take kamawa. Sanƙarau kumburin tantani uku ne da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, shi ya sa wuya ke sandarewa. Arewacin Najeriya da Nijar suna cikin yankin da ya miƙa daga Senegal zuwa Habasha inda yake ɓarkewa da rani, kuma annobar 1996 ta kashe dubban mutane. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke lalata ƙwayoyin motsi a laka, ƙafa ta shanye amma ji bai ɗauke ba. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'insa na asali. Kuturta tana cin jijiyoyin fata da na hannu da ƙafa, mai ita ya daina jin zafi, ya yi ta jin rauni da ƙuna bai sani ba har yatsu su lalace. Tana warkewa da magani.

Farfaɗiya ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Rikicewar lantarki ce a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, kuma kimanin mutum 7 cikin 10 na masu ita suna iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Idan ta tashi, a kawar da wuta da abubuwa masu kaifi, a kwantar da mutum ta gefe, kada a tura masa cokali ko wani abu a baki.