Waiwaye: Yadda zaiba ta shigo kayan gyaran amarya

Muhawarar da ake yi a Katsina kan man bilicin da ciwon ƙoda ta yi zafi, har wasu na ɗauka sabuwar annoba ce. Ba sabuwa ba ce: illar zaiba, wato makuri, da ke cikin wasu mayukan, an daɗe da saninta. Tun 1956 aka gano cutar Minamata a Japan, inda sinadarin zaiba ya shiga kifi ya nakasa jama'a. A 1972 likitoci a Nairobi suka danganta ciwon ƙodar wasu mata da man hasken fata mai zaiba. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Minamata don rage amfani da zaiba, wadda ta fara aiki a 2017.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne lokacin da man ya bar kwalinsa. Da can mace kan sayo mai a kanti, da suna da rubutu a jikinsa, ko ba komai ana iya bin sawunsa. Da wayoyi suka shiga hannun kowa, sai "haɗi" ya karɓe kasuwa: a sayo mayuka iri-iri, a zuba wani gari ko ruwa, a cakuɗa a gida, a ɗura a roba marar suna, a tallata a WhatsApp da Facebook. Sau da yawa mai haɗin ma ba ta san abin da ke ciki ba, ita ma shi take shafawa. A ganina nan ne lamarin ya juya, domin man ya daina zama kayan kanti, ya zama kayan amana. Ƙawa ce ta kawo, ko gwaggo, ko mai gyaran jiki ana saura makonni biki. Wa zai tuhumi hannun da ya sani? Ga kuma 'yan kallon amarya, waɗanda hasken fata suke fara yabawa.

Zaiba tana hana fata samar da launinta, shi ya sa take aiki da sauri. Amma ba a fata take tsayawa ba. Tana ratsawa ta taru a ƙoda, a ga kumburin ƙafa da fuska da fitsari mai kumfa. Tana taɓa jijiyoyi: rawar hannu, rashin barci, mantuwa, saurin fushi. Tana isa ga ɗan tayi da mai shan nono, har miji da yara suna kwasa daga tawul da zanin gado.

Yanzu masu haɗin "wankin jini" sun biyo baya, da zogale da tafarnuwa da habbatus sauda. Abinci ne mai kyau, amma babu tabbacin suna fitar da zaiba, kuma jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba ƙarin nauyi ne ga ƙodar da ta riga ta gaji. Matakin farko shi ne daina shafawa da raba gidan da man, sannan gwajin fitsari da jini a asibiti. Idan gubar ta yi yawa, akwai magunguna irin DMSA masu kama ta su fitar da ita ta fitsari, kuma likita ne kaɗai ke bayar da su.