Mene ne “kome” a bakin ’yan kallon fim?

Asalin kalmar ta zaure ce. Miji ya saki matarsa saki ɗaya ko biyu, kafin idda ta cika ya mai da ita ɗakinta, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure: an yi kome ke nan. ’Yan siyasa sun daɗe da aron kalmar ga wanda ya bar kujera ya sake hawa. A teburin mai shayi a Jekadafari kuwa, nan Gombe, na ji ana yafa ta ga jarumin da ya koma rawar da ta yi masa suna bayan shekaru sun ja.

Rambo ne ya jawo maganar. Sylvester Stallone ya fara fitowa a Rambo a 1982, ya sake a 1985 da 1988, su ne muka kalla a gidan bidiyo, a kan benci, janareta na ruri a waje. Ya yi kome a 2008, aka ce da dama. Sai na 2019, yana da shekara 73. Gashin nan mai sauka kafaɗa babu, ƙyallen da yake ɗaure goshi babu, dajin ma babu. Wani dattijo ne kawai a gona a Arizona yana haƙa ramuka yana jiran ’yan daban Meziko. David Morrell, wanda ya ƙirƙiri Rambo a littafinsa na 1972, da kansa ya ce fim ɗin ya ba shi kunya.

Wani tela da ke wurin ya ajiye kofinsa ya ce da mai shayin, “Yaya, wannan ai ba kome ba ne, idda ta riga ta cika.” Aka yi dariya, amma ni ina ganin ya gama bayanin. Idan idda ta wuce, sai an sake neman aure, an biya sadaki. Sadakin ɗan kallo shi ne labari mai kyau. Masu shirya fim kuwa suna so su shigo da tsohuwar igiya kawai, sunan jarumi da kiɗan da muka sani, su karɓi kuɗi. Haka aka yi wa Harrison Ford da Indiana Jones a 2023, yana da shekara 80, har da kwamfuta aka goge masa tsufa a farkon fim ɗin, kasuwa kuma ba ta yi armashi ba.

Ba kowane kome ke sanyaya gwiwa ba dai. Sunny Deol ya koma Gadar a 2023, shekara 22 bayan na farko, Indiya ta cika silima. Telan ya ce shi ma ya kalla a wayarsa, sau biyu, na biyun da fassarar Hausa.