Taliyar jatan lande a Malesiya da Singafo: ku tambayi romon kafin ku kurɓa

Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu masu zuwa Kuala Lumpur da Singafo sun san sashen cin abinci na manyan kantunan can: rumfuna a jere, kujeru na kowa da kowa, abinci da araha. Cikin abin da ya fi jan baƙo akwai taliyar jatan lande, wadda ake kira har mee ko hae mee. Jan romo ne mai maiƙo yana tururi, da jatan lande a kwance a sama, da rabin dafaffen ƙwai da soyayyar albasa. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya, romon nan ne ya fi damuna, domin ido ba ya ganin abin da ke cikinsa.

Ga yadda ake haɗa shi. Ana soya kawunan jatan lande da ɓawonsu har su saki jan mai, sannan a tafasa su na tsawon sa'o'i, kuma a girkin asali na Sinawa tare da ƙashin alade ake tafasawa. Wasu har ƙananan gutsattsarin soyayyen kitsen alade suke barbaɗawa a kai. Don haka Musulmin da ya ce a cire masa yankan naman bai cire komai ba. A nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta Malesiya, ko takardar MUIS, majalisar addinin Musulunci ta Singafo. Allon da mai rumfa ya rubuta da kansa cewa ba alade ba kitsensa ba shaidar hukuma ba ce. 'Yan uwa masu cin naman alade kuwa, ku tabbatar ya dahu har ciki, saboda tsutsar ciki.

Abin da ya fi gaggawa shi ne borin jini. Da yawanmu a Arewa mun tashi ba mu saba da abincin teku ba, wani bai taɓa sanin jikinsa ba ya karɓar jatan lande ba. Yana iya fara wa mutum da girmansa, ko da ya sha ci a baya lafiya lau. Dahuwa ba ta kashe sinadarin da ke jawo shi, kuma ya riga ya narke cikin romon, tsame jatan landen da cokali aikin banza ne. Yajin sambal da ake ajiyewa a gefen kwano shi ma yawanci da belacan ake yinsa, wato niƙaƙƙen jatan lande da aka tsima. Wanda kaguwa ta taɓa tayar masa da ƙaiƙayi, ko miyar da aka daka wa busasshen jatan lande, ya kiyaye. Mai asma ya kamata ya fi kowa kiyayewa.

Alamomin kan bayyana cikin 'yan mintuna zuwa sa'a 2: ƙaiƙayin baki, jiki ya yi rudu-rudu, amai, murɗar ciki. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dushe, numfashi ya fara fita da ƙyar, ko jiri ya kwashi mutum, to ba lokacin shawara ba ne. A kira motar asibiti nan take: 999 a Malesiya, 995 a Singafo. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya gagara a bar shi ya zauna, amma kada ya miƙe ya yi tafiya. Maganinsa allurar adrenalin ce a gefen cinya. Don Allah kada a ba shi Piriton a zauna jira. Ƙaiƙayi take ragewa, ba ta buɗe maƙogwaro. Ko ya ji sauƙi bayan allura sai an kai shi asibiti, domin abin kan dawo bayan wasu sa'o'i.

Masu hawan jini ma su yi hattara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma akasarin gishirin kwanon nan cikin romon yake. A ci taliyar, a bar romon.

Wanda ya san yana da borin jini ya ga likita tun kafin ya hau jirgi, ya kuma rubuta a wayarsa da harshen ƙasar cewa ba ya cin udang, wato jatan lande, ya riƙa nuna wa mai rumfa kafin a zuba masa.