Hujin noti da sukuru a manhajar zanen injiniya ta kwamfuta

Hujin noti a manhajar CAD, wato manhajar da injiniyoyi ke zana kayan inji da ita a kwamfuta, shi ne ramin da ake tsarawa a jikin ƙarfe ko roba ko katako domin bolt ko sukuru ko fin ya shiga. A ido dai rami ne kawai, amma manhajojin yanzu suna ajiye shi ne tare da bayanansa, irin bolt ɗin da zai shiga, faɗi, zurfi, ko yana da tiredi (murɗaɗɗen layin da noti ke ɗaurewa da shi) ko babu, da kuma iya kuskuren da aka yarda mai huji ya yi. Akasarin lambobin nan ba kwamfuta ce ta kawo su ba, sun girme ta nesa ba kusa ba.

Tarihi

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 kowace masana'anta tiredinta take yankawa yadda ta ga dama, notin wannan kamfani ba zai hau bolt ɗin wancan ba. A 1841 ne Joseph Whitworth a Ingila ya kawo tsarin tiredi mai kusurwa digiri 55, jiragen ƙasa da masana'antun Birtaniya suka rungume shi. A 1864 kuma William Sellers ya gabatar da nasa mai digiri 60 a Franklin Institute da ke Filadelfiya, Amurka ta bi wannan. Bambancin digiri biyar ɗin nan ya ba da wahala sosai lokacin yaƙin duniya na biyu, domin kayan gyaran Amurka ba sa ɗaurewa a injinan Birtaniya, shi ya sa a 1949 Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da tiredi guda na inci da ake kira Unified. Hukumar ISO, mai tsara ƙa'idojin kaya na duniya, da aka kafa a 1947 ita ma kwamitinta na farko, TC 1, na tiredi ne, daga nan aka samu tiredin milimita mai harafin M (M8 na nufin bolt mai faɗin milimita 8) da yawancin duniya ke amfani da shi yau, shi ma digiri 60 ne.

Maganar matsayin huji kuwa, wato daidai inda tsakiyarsa zai zauna, ana danganta ta da Stanley Parker, wani ma'aikacin masana'antar makaman jirgin ruwa a Sukotland, wajen ƙarshen shekarun 1930 zuwa farkon 1940. Abin da ake cewa ya lura da shi shi ne ana zubar da kayan da in an gwada su suna ɗaurewa lafiya lau, saboda awon ƙari da ragi ta tsaye da ta kwance yana ba tsakiyar huji filin gocewa mai kusurwa huɗu alhali huji zagaye ne. In aka mayar da filin ya zama da'irar da ta kewaye murabba'in, yana ƙaruwa da kusan kashi 57 cikin 100 ba tare da an taɓa ingancin kaya ba. Wannan tunani ne ya girma ya zama ƙa'idojin ASME Y14.5 na ƙungiyar injiniyoyin inji ta Amurka da ISO 1101.

Ta ɓangaren kwamfuta, manhajar Sketchpad ta Ivan Sutherland a jami'ar MIT ta Amurka a 1963 ita ake yawan fara tarihin da ita. AutoCAD ya fito a 1982, kuma a lokacin huji da'ira ce kawai da layin tsakiya, mai zane shi zai buɗe littafin teburi ya nemo girman dirila ya rubuta da hannunsa, in ya canza M8 zuwa M10 toh sai ya bi kowane zane ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, kuma a nan ake manta ɗaya. Pro/ENGINEER na kamfanin PTC, wanda ya fito wajen 1987 ko 1988, shi ya yaɗa tsarin da huji ke zama abu mai zaman kansa a jerin matakan gini, da lambobin da za a iya canzawa daga baya. SolidWorks ya biyo a 1995 a kan Windows, Dassault Systèmes na Faransa suka saye shi a 1997, kuma Hole Wizard ɗinsa, wato umarninsa na yin huji, ya sa mutane da yawa suka daina buɗe littafin teburi gaba ɗaya. Inventor na Autodesk ya zo a 1999.

Ire-iren huji

Akwai hujin wucewa, wanda bolt ke ratsawa ba tare da ya kama ba. ISO 273 ta ba shi mataki uku, matsattse da matsakaici da sakakke. Na M6 shi ne 6.4 da 6.6 da 7, na M8 kuma 8.4 da 9 da 10, na M10 10.5 da 11 da 12, duk a milimita. Matsakaicin aka fi ɗauka.

Sai huji mai tiredi, wanda ake fara hudawa da dirila ƙarama sannan a shigar da tap, ƙarfen da ke yanka tiredi a cikin rami. Lissafin da masu aikin inji suka haddace shi ne a cire tazarar tiredi daga girman bolt, M6 mai tazara 1 dirilarsa 5, M10 mai 1.5 dirilarsa 8.5, M8 mai 1.25 kuma ana zagaye shi zuwa 6.8. In hujin bai ɓulle ba dole zurfin dirila ya wuce zurfin tiredi domin bakin tap ba ya yanka cikakken tiredi har ƙasa, kuma gindin ramin ba shafaffe ba ne, tsinin dirila ne mai digiri 118, manhaja ma haka take zana shi. Wanda ya rubuta zurfin tiredi daidai da zurfin huji ya jawo wa mai aiki karyewar tap ne kawai.

Akwai mai ɗaki a sama, kantabo, inda kan bolt na alanki ke nutsewa ya ɓace. Kan M8 faɗinsa 13 tsayinsa 8, ɗakin kan zama 15. Akwai kuma kantasin, mai baki kamar mazurari domin sukuru mai shafaffen kai, digiri 90 a tsarin milimita, 82 a incin Amurka, 100 a jiragen sama. Hujin fin shi ba wasa, rima ake sa masa, ƙarfen da ke gyara faɗin huji daidai, ⌀8 H7 na nufin daga 8.000 zuwa 8.015.

Yadda ake gina shi a manhaja

Hanya biyu ce. Ko a zana da'ira a yanke ta, ko a yi amfani da umarnin huji na manhajar. Ta farkon ta fi sauri a minti ɗaya na farko amma ramin bai san komai game da kansa ba, in an zo fitar da zane sai ⌀6.8 kawai ya bayyana babu wanda zai san M8 ake nufi. Ta biyun ana zaɓar ƙa'ida da girman bolt da irin huji, a ɗora ɗigo inda ake so, sauran lambobin su cike kansu. Shi kansa tiredin yawanci ba a sassaƙa shi da gaske, alama ce kawai ake liƙawa, domin murɗaɗɗen tiredi ɗari biyu a inji ɗaya sai kwamfuta ta fara ja. Sai dai in za a buga abin da firintar 3D, nan kam dole a sassaƙa, ko a bar rami domin tagulla mai tiredi da ake zafafawa a danna ciki.

Rubuta awo

Alamomin su ne ⌀ na faɗi, ⌴ na kantabo, ⌵ na kantasin, ↧ na zurfi. Rubutu irin 4X M8×1.25-6H ↧16 na nufin huji huɗu iri ɗaya, tiredi mai zurfin 16. A zanen ISO tiredi daga sama siririyar da'ira ce da ba ta haɗe ba, kusan kashi uku cikin huɗu. Ana auna matsayi daga tsakiyar huji zuwa gefe guda da aka zaɓa, domin in aka jera awo daga huji zuwa huji kuskure taruwa yake. In bolt zai ratsa faranti biyu da noti a baya, rangwamen matsayi, wato iya gocewar da aka yarda tsakiyar huji ta yi, shi ne ƙaramin faɗin huji a cire faɗin bolt, 9 a cire 8 saura 1. In ɗaya farantin mai tiredi ne sai a raba wannan biyu.

Saɓani

Ba a daidaita ba kan ko a rubuta girman dirilar tap a zane. Wasu na sawa, masu bin ASME sun fi barin wa mai aiki. Haka ma batun daina zanen takarda a sa awo a jikin samfurin 3D, wanda tsarin fayil na STEP AP242 na 2014 ke ɗauka.

Amfani a yau

Manhajojin CATIA da NX da Creo da Fusion da Onshape duk suna da umarnin huji, FreeCAD na kyauta ma yana da shi.