Waiwaye: yadda aka koyi tambayar jama'a kafin a ce yanki ya shirya wa bala'i

Duk lokacin da ambaliya ko guguwa ta yi ɓarna, muhawara iri ɗaya ce take tashi. Wasu su ce ai an yi gargaɗi, mutane ne suka yi kunnen ƙashi. Wasu su ce gargaɗin bai iso kan lokaci ba, ko ya iso amma babu inda za a gudu. An yi wannan ce-ce-ku-ce bayan ambaliyar yammacin Jamus a Yulin 2021, wadda ta kashe fiye da mutum 180. An yi shi bayan ta Derna a Libiya a Satumban 2023, aka kuma maimaita bayan ta Valencia a Sifaniya a Oktoban 2024, inda sama da mutum 200 suka rasu. A duka ukun masu hasashen yanayi sun hango ruwan yana tafe. Abin da ake jayayya a kai shi ne tazarar da ke tsakanin hasashe da tsira, kuma wannan tazara ba ta auno sai an san yadda ake auna shirin yanki, da wanda ake tambaya lokacin aunawar.

Tarihin da aka fi sani gajere ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 1990 don rage illar bala'o'i, aka yi taron duniya kan batun a birnin Yokohama na Japan a 1994. Igiyar tsunami ta tekun Indiya ta hallaka kusan mutum 230,000 a ƙarshen Disamban 2004, makonni kaɗan bayanta ƙasashe 168 suka amince da tsarin Hyogo, watau yarjejeniyar rage haɗarin bala'o'i, wanda tsarin Sendai ya gada a 2015. Ta ɓangaren lafiya kuwa, dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa da aka sabunta a 2005 sun ɗora wa kowace ƙasa nauyin auna shirinta na tunkarar annoba ta kai rahoto. Da Ebola ta kashe fiye da mutum 11,000 a Afirka ta Yamma tsakanin 2014 da 2016, sai aka ƙara da kawo ƙwararru daga waje su ba da maki daga 1 zuwa 5. Korona ta zo a 2020 ta nuna cewa maki mai kyau a takarda ba ya hana asibiti cika. Wannan duk an sha faɗa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba ya faru ne tun kafin mafi yawansu, a gaɓar tekun Bangaladash.

A Nuwamban 1970 mahaukaciyar guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin, lokacin yana Gabashin Pakistan. Saboda haka ne a 1972 aka kafa shirin 'yan sa-kai masu kai gargaɗin guguwa ƙauye-ƙauye, ƙarƙashin ƙungiyar agaji ta Red Cross, gwamnati ta shigo cikinsa a 1973. Aka ba su rediyo da lasifikar hannu da jiniya, aka gina mafakar siminti a kan dogayen ginshiƙai. Da a farkon 1991 mai bincike zai zo da takardar tambayoyi irin ta yau, da ya yi ta cika "akwai" a kowane layi: akwai masu hasashe, akwai hanyar sadarwa, akwai 'yan sa-kai kusan 20,000, akwai mafaka.

A daren 29 ga Afrilun 1991 guguwa ta afka wa gaɓar Chittagong, ta turo ruwan teku mai tsayin kusan mita 6 cikin gari da tsibirai. Mutum kusan 138,000 suka mutu. An hango guguwar kwanaki kafin ta iso, an sanar a rediyo, 'yan sa-kai sun zaga da lasifika.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sauya alƙibla. Masu bincike ba su tsaya a ofisoshi suna ƙirga kayan aiki ba, sun shiga ƙauyukan da abin ya shafa suna tambayar waɗanda suka tsira: kun ji gargaɗin? Ƙarfe nawa? Me ya hana ku tashi? Wani bincike da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1993, wanda ya bi mutum 1,123, ya gano cewa mutuwa ta fi yawa a cikin yara 'yan ƙasa da shekara 10 (kashi 26 cikin ɗari) da mata 'yan sama da shekara 40 (kashi 31). Kusan kashi 22 na waɗanda ba su kai ga ginin siminti ko bulo ba sun mutu, alhali duk wanda ya samu shiga irin wannan gini ya rayu. Ke nan mafakar tana aiki. Matsalar ita ce isa gare ta.

Amsoshin da mutane suka bayar babu ɗaya da ke cikin takardar shiri. Mafakar ɗaruruwa ne kaɗan ga miliyoyin mutane, wasu kuma tafiya ce mai nisa a hanyar laka da dare cikin iska. Magidanta sun ji tsoron a kwashe musu kaya idan suka bar gida babu kowa. Mai shanu ba zai tafi ya bar su ba, domin su ne jarinsa duka, mafaka kuwa ba ta da wurin dabba. Mata da yawa sun zauna jiran mazajensu, ba su saba fita ba tare da izini ba, kuma ba su son kwana a ɗaki ɗaya cunkushe da baƙin maza, babu banɗaki na daban. Sanarwar ma a kasuwa da dandali ake yinta, inda maza suke. Da ruwa ya zo, doguwar sutura da dogon gashi sun riƙa sarƙewa a rassan itace da tarkace, kuma ba a koya wa yawancin 'yan mata iyo ko hawan bishiya ba.

Akwai kuma batun lambobin gargaɗi, wanda ya cancanci a duba shi da kyau. Tsarin an tsara shi ne tun asali don tashoshin jiragen ruwa. Lamba 8 da 9 da 10 duk matakin babban haɗari ɗaya ne, bambancinsu kawai ta wane gefen tashar guguwar za ta bi. Ga matuƙin jirgi wannan bayani ne mai amfani. Ga manomi kuwa, 8 ba ta kai 10 ba, don haka sai ya jira. Ga shi an sha ɗaga lambar haɗari a baya guguwa ta kauce, mutane suka koma gida suka tarar ba abin da ya faru. Saƙon daidai yake a kimiyyance, amma ba a taɓa tambayar mai karɓarsa me ya fahimta ba.

Gyaran da aka yi ya bi waɗannan amsoshi ɗaya bayan ɗaya. Aka riƙa gina mafaka da ke zama makaranta a ranakun zaman lafiya, don a riƙa kula da ginin, yara da iyaye su san hanyarsa. Aka tayar da tuddan ƙasa don dabbobi. Sababbin gine-gine suka samu ɗakin mata da banɗakinsu. Aka shigar da mata aikin sa-kai domin su shiga cikin gida su yi magana da 'yan uwansu, ana ɗaga tuta ɗaya zuwa uku gwargwadon haɗarin don wanda ba ya karatu. A 1997 aka fitar da tsayayyen umarni da ya fayyace aikin kowane mataki tun daga ƙasa har ƙauye. Guguwar Sidr ta 2007, mai ƙarfi ƙwarai, ta kashe kusan mutum 3,400. A Mayun 2020, ana tsakiyar korona, an kwashe fiye da mutum miliyan 2 kafin guguwar Amphan, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 30 ba. Yau 'yan sa-kan sun haura 70,000, kusan rabinsu mata. Ingancin hasashe da hanyoyi da wayar hannu sun taimaka, amma hasashe ai akwai shi a 1991.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk da haka, har yanzu yawancin tantancewar shirin yanki daga sama take farawa kuma a sama take ƙarewa, tana tambayar ko abu yana nan, ba ta tambayar ko yana aiki, cikin minti nawa, ga mutum nawa.

Tantancewa ta gaskiya tana farawa da zaɓen yanayi takamaimai: ruwa ya kai tsayi kaza da ƙarfe 2 na dare, gada ta karye, wuta da layin waya sun ɗauke. Daga nan a fitar da buƙata da lissafi. A ce mutum 10,000 ne suka rasa matsuguni. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suke aiki da shi shi ne lita 15 ta ruwa ga mutum a rana, watau lita 150,000. Tankar lita 10,000 sai ta yi sawu 15. Idan kowane sawu zuwa da dawowa awa 2 ne, ana aikin awa 10, tanka ɗaya sawu 5 za ta yi, don haka ana buƙatar 3 masu lafiya da direbobinsu da mansu. Banɗaki ɗaya ga mutum 50 a kwanakin farko yana nufin 200, daga baya a koma ɗaya ga mutum 20. Wurin kwana murabba'in mita 3.5 ga kowa. Bambancin wannan da abin da ke hannu shi ne giɓi. Kalmomi irin "muna da isassu" ba su da gurbi a rahoton.

Sai lissafin lokaci, wanda aka fi mantawa. Idan hasashe ya ba da awa 6, a cire lokacin yanke shawara, da na isar da saƙo zuwa gidan ƙarshe, da na tattara yara da takardu da dabbobi. Abin da ya rage shi ne na tafiya. Lafiyayyen mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa da rana a busasshiyar hanya, tsohuwa riƙe da jika cikin duhu da iska ba za ta yi rabin haka ba. Mafakar da ke bayan rafin da zai fara cika, ba a ƙirga ta.

A matakin yanki, babban kuskure shi ne ƙirga abu ɗaya sau biyu. Gundumomi huɗu kowacce ta rubuta cewa za ta aro kwale-kwale daga maƙwabciya, ta kai majinyata babban asibitin yanki, ta ɗauki hayar tanka daga ɗan kwangila ɗaya. A takardar kowacce shirin ya cika. Ranar da kogi ɗaya ya cinye huɗun tare, sai a ga kwale-kwalen nan guda shida ne ake ta yawo da su a rahoto. Ba a gano wannan sai an zaunar da su a teburi ɗaya da taswira ɗaya. Haka ma'aikata: jerin sunaye yana nuna ma'aikatan jinya 40, amma wasunsu gidajensu na cikin ruwan, wasu sunansu yana kuma cikin jerin 'yan sa-kai. A duba inda janareton asibiti yake zaune, domin idan a ƙasan gini ne shi ruwa zai fara kashewa, a kuma kunna shi da cikakken lodi a ga ko mansa zai kai awa 72. A gwada ko rediyon 'yan kwana-kwana yana jin na motar ɗaukar marasa lafiya.

Tambayar masu ruwa da tsaki ma tana da ƙa'ida. Taro ɗaya a babban zaure, manya a gaba, ba ya fitar da komai sai abin da manya suke son ji. A zauna da mata su kaɗai, mace ce ke tambaya. A zauna da kurame da makafi da masu keken guragu, domin jiniya ba ta tayar da kurma, matakala kuma tana tsayar da gurgu a ƙofar mafaka. A nemi masu dabbobi, masunta, direbobi, ungozoma, malaman makaranta, limamai da sauran shugabannin addini, baƙi da ba sa jin harshen da ake sanarwa da shi. Kada a tambaye su ko sun shirya. A tambaye su abin da suka yi a karon baya: wa ya fara faɗa musu, wa suka yarda da shi, me suka koma ɗaukowa. A karanta musu saƙon gargaɗin kamar yadda za a aika shi, su maimaita abin da suka fahimta. Ƙananan ma'aikata kuwa a ba su damar amsawa ba suna, saboda mai tsaron rumbun ajiya ya san kayan da wa'adinsu ya ƙare, amma ba zai faɗa a gaban shugabansa ba.

Bayan hira sai gwaji. Atisayen teburi, inda jami'ai ke zama su tattauna abin da kowa zai yi a wani yanayi na misali, yana bankaɗo ruɗani kan wa ke da ikon ba da umarnin tashi, atisayen fili na ba-zata, musamman na dare ko ranar hutu, yana nuna mukullin mafaka a hannun wa yake da ko wayarsa tana shiga. Kowane giɓi da aka gano a rubuta shi da wanda zai toshe shi, da kuɗinsa, da ranar gamawa, a koma kansa bayan wata shida. A nan yawancin tantancewa take mutuwa, domin kuɗin yin rahoton yana da gurbi a kasafi, kuɗin gyaran ba shi da shi. Mutanen da aka tara sau biyu suka faɗi matsala ɗaya ba su ga sauyi ba, karo na uku ba za su zo ba, kuma sai rahoton shekarar ya fito babu ƙorafi ko ɗaya a cikinsa.